Kitse ya hau a jinina ga ciki wata bakwai: in sha maganin ko in bari?

Maman_Fa'iza
Assalamu alaikum ƴan uwa. Don Allah ina neman shawara, kwana biyu ke nan ban yi barcin kirki ba. Ina da ciki wata bakwai, na uku ke nan. Ran Talata na je awo, na ce wa malamar ina yawan jin kasala, ta rubuta mini analiz. Maigida ya ce tunda za a ɗibi jinin a haɗa har da na kitse, shi ma ya yi nasa watan jiya. Takarda ta fito da kitsen jini iri biyu: kolesterol giram 2,9 a lita, tirigiliserid giram 2,6, duk an ja masu layi da jan biro. A gefe an rubuta wai na farko kada ya wuce 2, na biyu kada ya wuce 1,5. Da maigida ya gani sai ya ɗauko mini nasa maganin kitsen, Tahor, ya ce in fara shan rabi kafin ranar komawa. Na ɓallo ƙwayar na riƙe a hannu, sai gabana ya faɗi, na maida ta cikin kwali. Komawata sai nan da sati biyu. In sha ko in bari? Kuma abin nan zai taɓa yaron?

Hajiya_Ta_Birni
Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni dai haihuwa tara na yi a garin nan, da man shanu da fura da kilishi, ba wanda ya taɓa auna mini kitse. Ku yaran yanzu takarda ce ke sa maku ciwo. Ki ajiye ƙwayar nan, ki ci abincinki. Allah ya sauke ki lafiya.

Sazfam_Zango
Maman Fa'iza, kada ki sha. Na fara da wannan don kada ki gaji da karatu kafin ki kai wurin. Faɗuwar gaban da kika ji daidai ne.

Layin da aka ja maki da jan biro, ma'aunin wanda ba shi da ciki ne. Injin labo bai san kina da ciki ba, abin da yake rubuta wa maigidanki shi yake rubuta maki. Duk mace mai ciki kitsen jininta sai ya hau, haka Allah ya tsara jikin. Kolesterol yakan ƙaru da kashi 25 zuwa 50 cikin ɗari, tirigiliserid kuwa ya ninka biyu ko uku, kuma a watannin ƙarshen nan da kike ciki ne yake kaiwa ƙololuwa. Da kolesterol mabiyiya ke sarrafa sinadaran da ke riƙe cikin, da shi ake gina jikin yaro da ƙwaƙwalwarsa. Tirigiliserid kuma tanadi ne, jiki na tara abincin yaro da na nono. Shi ya sa ba mu ma cika auna kitse ga mai ciki ba sai da dalili. Bayan haihuwa yakan sauka da kansa, a sake awo daga sati shida zuwa wata uku, a nan ne za a ga ainihin naki.

Amma kada ki jira sati biyun nan a kan kasalar da kika ce. Me takardar ta ce a kan yawan jini da sukari? Tansiyo, wato awon hawan jini, nawa aka samu ranar? Waɗannan sun fi damuna da 2,9.

Alkaki_Mai_Zuma
Maigida ya zama dokta a gida ke nan. Namu ma haka yake, duk ciwon da ya kama ni maganinsa na ciwon baya ne zai miƙo.

Nana_Karkada
Ki riƙa shan ruwan ɗumi da lemun tsami da tafarnuwa uku da safe kafin ki ci komai. Yana narkar da kitse tas. Maƙwabciyata ta yi.

Sazfam_Zango
Nana, kitsen jini ba maiƙon tukunya ba ne da za a zuba tsami ya fita. Tafarnuwa a miya ba laifi. Amma mai ciki wata bakwai da ƙwannafi ya riga ya addaba, ki sa ta haɗiye ɗanya uku da lemun tsami cikinta wayam, wahala kawai za ta sha.

Abdu_Labo
Ina da tambaya ɗaya ga mai tambaya. Lokacin da aka ɗibi jinin, kin karya ko ba ki karya ba?

Maman_Fa'iza
Malam Abdu gaskiya na karya. Na sha koko da ƙosai wajen ƙarfe bakwai, an ɗiba wajen tara. Ba wanda ya ce mini kada in ci. @Sazfam_Zango tansiyo 11/7 ne, sukari ta ce lafiya, jini ne ta ce ya ɗan yi ƙasa, ta ƙara mini ƙwayar nan ja.

Abdu_Labo
To kin gani. Ƙosai daga cikin mai ya fito, koko kuma na san da sukari. Kolesterol ba ya canzawa sosai don an ci abinci, amma tirigiliserid yana tashi bayan ci, shi ya sa muke so mutum ya yini ko ya kwana awa 12 bai ci komai ba sai ruwa. Ga mai ciki wata bakwai da ta karya da ƙosai, 2,6 ba abin tada hankali ba ne.

Bari in faɗa maku irin wanda ke tada hankali, don na gani da idona sau ɗaya kuma ban manta ba. An kawo mini jinin wata baiwar Allah, ciki wata takwas. Na sa shi a injin da ke juya kwalba don ruwan jini ya rabu. Ruwan nan da muka saba gani fatsi-fatsi kamar man gyaɗa, nata sai ya fito fari fat, kamar an tsiyaye kindirmo. Na ɗauka kuskure aka yi, na sa aka sake ɗibo wani, ya sake fitowa haka. Sai da na surka shi sau da yawa kafin inji ya yarda ya karanta, tirigiliserid ɗinta ya wuce giram 20 a lita. Kwana biyu tana murƙususu da ciwo a saman ciki, nan ƙasan ƙirji, yana sokarta har baya, ga amai. A gida an ce gyambon ciki ne, ana ta ba ta madara don ya lafa, alhali maiƙo ne ake ƙara mata. Ashe pankireyas ce ta kumbura, gaɓar nan da ke bayan tumbi mai fitar da insulin. An kwantar da ita, an hana ta ci ta baki, sai ƙarin ruwa da insulin. Allah ya yi da sauran kwana, ita da ɗan duka sun tashi.

Ma'aunin da muke riƙewa: daga giram 5 likita zai fara sa ido sosai, daga giram 10 haɗarin kumburin nan ya zama na gaske. Tsakanin 2,6 da 10 akwai tafiya.

Maman_Fa'iza
Innalillahi. Allah ya tsare. Malam Abdu ka kwantar mini da hankali kuma ka tada shi lokaci guda.

Ummu_Sudais
Ni abin da ban gane ba, siririya ce ni kamar tsinke, amma aka ce ina da kolesterol. Kishiyata kuwa ta yi biyuna, nata lafiya lau. Wannan wane irin lissafi ne?

Ɗalibar_Likita_Yamai
Tanti Ummu Sudais, ƙiba daban, kitsen jini daban, ko da yake sukan haɗu. Mafi yawan kolesterol hantar mutum ce ke yin sa, ba daga kwano yake zuwa ba. Wata hantar tana kwashe shi daga jini da sauri, wata ba ta yi, kuma wannan gado ne. Sannan akwai ciwukan da ke ɗaga shi a ɓoye: ciwon sukari, ciwon ƙoda mai zubar da furotin a fitsari, da raunin tiroyid, abin nan na wuya da ke kumbura ya zama maƙoƙo. In an ga ya hau babu dalili, waɗannan ake fara dubawa.

A kan maganin kuma, ina so in ɗan gyara, ba don in saɓa wa Madam Sazfam ba. Tahor sunan kasuwa ne, maganin atorvastatin ne, dangin da ake kira statin. Shekaru da yawa an hana mai ciki shan su hani mai tsanani. A watan Yuli na 2021 hukumar magunguna ta Amurka, FDA, ta sa a cire wancan hanin mafi tsanani, saboda bayanan da aka tara ba su nuna cewa yana ƙara nakasar jarirai ba. Amma ko a nan sun ce mafi yawan mata su daina sha in sun sami ciki. An bar ƙofa ne kawai don ƴan kaɗan, irin wadda ta taɓa samun bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko mai nau'in gado mafi tsanani, kuma likitan zuciya ne zai yanke. Na kawo wannan ne don wadda ta sha wata ɗaya ko biyu ba ta san tana da ciki ba. Kada ta firgita, kada wani ya ce mata cikin ya lalace. Ta daina, ta gaya wa likita.

Sazfam_Zango
Ba ki saɓa mini ba ƴar ƙanwata, kin ƙara ne. Sai dai ki yi hankali da yadda kike faɗinsa a nan. Kina cewa Amurka ta cire hani, gobe wata za ta ce an halatta, ta aiki yaro farmasi. Ga Maman Fa'iza amsar ba ta canza ba.

Ƴar_Miriya
Na daɗe ina karatu a zauren nan ban taɓa rubutu ba, yau dai sai na yi, don maganar Hajiya ta taɓa ni. Hajiya ki yi haƙuri, ba rashin kunya ba ne. Akwai waɗanda takarda ba ta sa masu ciwo, takarda ce ke nuna masu abin da ya cinye danginsu.

Mahaifinmu ya rasu yana da shekara 46. Ya dawo daga lambu ya ce ƙirjinsa ya riƙe, kafin a samo mota ya cika. Ƙanensa ma haka, bai kai hamsin ba. A gida aka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Ni tun ina budurwa akwai wani kumburi mai tauri a agarata, nan bayan diddige, duka ƙafa biyu, takalmi mai rufi ba ya zama mini daidai. Ba ya ciwo, ban taɓa kula ba. Bayan haihuwata ta biyu wani abu rawaya-rawaya ya fito mini a fatar ido, kamar an ɗiga ƙullun masara ya bushe. Don kwalliya na je likita, wallahi ba don lafiya ba. Likitan ya kalli idon, sai ya ce in cire takalmi. Ya matsa agarar da yatsa biyu, ya ɗago ya ce, mahaifinki na da rai? Nan jikina ya yi sanyi.

Awo ya nuna mugun kolesterol ɗin, wanda suke rubutawa LDL, ya kai 3,1, kuma ba ni da ciki a lokacin, yaron ya shekara. Ya ce na gado ne. Ya ce kusan mutum ɗaya cikin 250 ke da shi a duniya, yawancinsu ba su sani ba, kuma kowane ɗa da na haifa rabi da rabi ne, ko ya ɗauka ko bai ɗauka ba. Irin wannan ko ganye za ki koma ci ba ya sauka yadda ake so sai da magani.

To ga inda matsalar take ga mu mata, kuma ba wanda ke faɗinta. Maganin ba a shan sa in ana neman ciki, ni an ce in daina wata uku kafin. Ba a sha da ciki. Ba a sha ana shayarwa. Ku lissafa da ni: wata uku na jira, sai watannin da za a ɗauka kafin cikin ya shiga, sai wata tara, sai goyo kusan shekara biyu. Kowane ɗa ya ci shekara uku ke nan babu magani. In na haifi biyar shekara goma sha biyar, ana yaye wannan ana shiga wancan, jijiyoyin zuciya kuwa ba su san ana goyo ba, tarawa kawai suke. Yayana namiji da muke da abu iri ɗaya, tun ranar da aka gano bai fasa ƙwaya ko kwana ɗaya ba. Ni a shekara takwas da ganowa, in an haɗa duka, ban sha na shekara uku ba.

Yanzu ƴaƴana huɗu. Ta ƙarshen wata tara na shayar da ita na yaye, don in koma kan magani. Abin da na ji daga dangin miji, Allah kaɗai ya sani. Har cewa aka yi ina tsoron nonona ya zube.

Hajiya_Ta_Birni
Allah ya jiƙan mahaifinki, ya sa ya huta. Ban san da irin wannan ba ɗiyata. Amma yaye a wata tara, kai, da zafin garin nan da zawo? Ni dai zuciyata ba za ta iya ba.

Ƴar_Miriya
Amin Hajiya. Ni ma ba da daɗin rai na yi ba, kwana nawa ina kuka. Na cika mata wata shida nono zalla, ko ruwa ban ba ta ba, sannan na ƙara uku tana cin kunu da wake da ƙwai. Da likitan yara muka tsara. Na ce gara ta rasa nono da ta rasa uwa.

Malam_Na_Garin_Malam
In an ba ni dama. Ayar Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya yi nufin cika shayarwa, kuma a cikin ayar an ce in iyayen biyu suka so yaye bisa yarda da shawara babu laifi a kansu. To ina ga lalura ta lafiya. Masu zarginta su ji tsoron Allah.

Sazfam_Zango
Na gode Ƴar Miriya, kin faɗi abin da ni ban faɗa ba. A Nijar, ƙasar da ƙididdigar 2012 ta ce mace na haihuwar ƴaƴa 7,6, lissafin nan naki ba ƙaramin abu ba ne. Amma kada wata ta karanta ta yaye ɗanta don an ce mata kolesterol 2,3. Ga mafi yawan mata shayarwa taimako ce, tana sauke tirigiliserid da sauri bayan haihuwa, tana rage ƙibar ciki. Hukuncin Ƴar Miriya na masu irin ciwonta ne, kuma ko a cikinsu kowa da nata lissafin.

Wata dabarar ita ce tazara. A yaye, a koma kan magani shekara ɗaya ko biyu, sannan a tsaya a nemi wani. Kwanika ce babbar asara ga irinsu. Sai dai a faɗa wa mai ba da maganin tazarar, don ƙwaya mai sinadarin estrojen tana ɗaga tirigiliserid. Akwai na hannu, akwai na mahaifa.

Baban_Khalil
Ku yi haƙuri na shigo zancen mata. Tawa ce ke da irin na Ƴar Miriya, kuma muna neman na biyu. Shin babu wani magani sam da mai ciki za ta iya sha? Haka za a zuba ido wata tara?

Mai_Farmasi_Sabon_Gari
Akwai, Baban Khalil, amma ba mai ƙarfin statin ba. Kolestiramin, ana sayar da shi da sunan Questran. Gari ne a ƴar leda, a dama a ruwa a sha. Ba ya shiga jini, a hanji yake tsayawa ya kama ruwan ɗaci na hanta ya fita da shi, sai hanta ta jawo kolesterol daga jini don ta yi wani. Shi ya sa ake yarda da shi ga mai ciki da mai goyo. Aibinsa: yana ɗaure ciki, ga mai ciki da ma bayan gida na ba ta wuya. Yana tare bitamin A, D, E, K da folik asid, yana kama wasu magungunan in an sha tare, don haka sai an raba lokaci. Kuma wadda tirigiliserid ɗinta ya hau ba a ba ta, ƙara shi yake. Samunsa ma a nan sai an yi oda. Ga masu tirigiliserid kuwa man kifi ake ba su, omega 3, da rage maiƙo sosai, in abin ya ƙi likita na iya ƙara wani bayan wata ukun farko. Duk wannan da takardar likita. Don Allah kada a zo mini da hoton kwali a waya.

Baban_Khalil
Na gode. Za mu koma wurin likitan zuciyar kafin ta daina wanda take sha.

Alkaki_Mai_Zuma
To ni ku faɗa mini gaskiya, sana'ata ce a sunana. Alkaki na cikin masu laifi?

Abdu_Labo
Hajiya alkaki ai shi ne shugaban tawaga: alkama, mai, sukari, duk a dunƙule ɗaya. Mutane na ɗora wa nama laifi su manta da zaƙi. Sukari na cikin manyan abubuwan da ke ɗaga tirigiliserid. Shayin nan namu na buta, zagaye uku, kowanne da sukari kamar za a yi alewa, da lemun kwalba, da bisap da aka cika wa sukari.

Alkaki_Mai_Zuma
Malam Abdu ka kashe mini kasuwa. Allah ya isa ban ce ba, amma na kusa.

Sazfam_Zango
A ci na biki, ba na kullum ba. Kuma ina roƙo, mai ciki ba ta rejim, wato taƙaita cin abinci. Na ga wadda ta ji kalmar kolesterol ta daina nama, ta daina ƙwai, ta daina nono, ta zo mini wata tara jini ya ƙare, yaro ɗan mitsitsi. A nan Damagaram ƙarancin jini ya fi kitse kashe mata nesa ba kusa ba. Canji ake, ba yunwa ba. Man gyaɗa maimakon man shanu da manja da kitsen rago. Man da aka soya abu sau uku a zubar. Tsire a zaɓi tsoka a bar kitsen. Wake, kuɓewa, kuka, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, tuwon gero, duk namu ne kuma duk suna taimako. Kifi sau biyu a sati in da hali, ko na Gidimuni ko banda, ko sardin na gwangwani a tsiyaye man. Fura a sha, a rage sukari. Da yamma in rana ta yi sanyi a taka ƙafa kamar rabin awa.

Nana_Karkada
To ai ni ma abincin gida na ce, aka yi mini ca.

Maman_Ihsan_Tanut
Ku kuna maganar lokacin ciki, ni jego ne ya kashe ni. Kwana arba'in a gidanmu: kunun kanwa safe da yamma, farfesun ƙafar sa, kaza da man shanu yana iyo a kai, ga wankan ruwan zafi da ganye. Innarmu in ta ga kwano da saura sai ta ce nono ba zai zo ba. Na fito arba'in zannuwana duk ba sa zagaye ni, ƙafa ta kumbura, in na kwanta sai na ji kamar an danne mini ƙirji. Aka ce tansiyo 17.

Ɗalibar_Likita_Yamai
Tanti wannan na ƙarshen ba kitse ba ne, kanwa ce ta fi zama abin zargi. Gishiri ce, tana tara ruwa a jiki. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan gazawar zuciya bayan haihuwa a ƙasar Hausa, suka danganta ta da yawan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta. Mai jego da ƙafa ta kumbura, numfashi na yi mata wuya in ta kwanta, a kai ta likita ranar, kada a jira arba'in.

Hajiya_Ta_Birni
Yanzu kuma kunun kanwa ya zama laifi. Mu da shi aka yi mana jego, mu ma da shi muka yi wa namu. Sai dai na yarda hannu ya bambanta, wata in ta zuba kanwa sai kunu ya yi baƙi. Ni ɗan ƙanƙane nake sawa don ɗanɗano.

Maman_Ihsan_Tanut
Hajiya innarmu irin masu baƙin ce.

Sazfam_Zango
Tunda an zo nan, wadda ta yi hawan jini na ciki, ko jijjiga, ko sukarin ciki, ko da komai ya lafa bayan suna, ta sani haɗarin ciwon zuciya a gabanta ya fi na sauran mata. Ita ce ya kamata ta riƙa auna tansiyo da sukari da kitse lokaci-lokaci. Mu kanmu muna da laifi, ana gama arba'in sai hankali ya koma kan rigakafin yaro, uwar ba mai sake tambayarta.

Maman_Fa'iza
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Ban sha ba, na nuna wa maigida abin da kuka rubuta, ya yi shiru ya maida kwalinsa cikin durowa. Amma labarin Ƴar Miriya ya hana ni sukuni. Na shafa agarata ban ji komai ba, idona ma lafiya. Sai dai na kira innata na tambaye ta. Ta ce yayanta, kawu, a kasuwar Dole ya faɗi, bai kai hamsin ba, kuma ita kanta shekarun baya an taɓa ce mata tana da kitse a jini, ta sha magani wata biyu ta bari don tsada. A takardata ba a rubuta LDL ba sam, biyun nan ne kawai. Yanzu ni wace ce a ciki, mai hawan ciki ko mai gado?

Abdu_Labo
Daga takardar nan ba mai iya faɗa maki. 2,9 a wata bakwai zai iya zama ciki ne kawai, zai iya zama da wani abu a ƙarƙashi. Kin taɓa yin awon kafin ciki? In akwai tsohuwar takarda ita ce za ta raba gardama.

Ƴar_Miriya
Rashin kumburin agara ba ya wanke mutum, ƙanwata ba ta da shi kuma tana da ciwon. Hanya mafi sauƙi, innarki ba ta da ciki, ita a auna. In LDL nata ya wuce 1,9 kin sami abin gaya wa likita. In nata lafiya, ta ɓangarenta dai kin huta.

Sazfam_Zango
Shawarar Ƴar Miriya ta fi tawa. Ki faɗi zancen kawun a awo na gaba a rubuta a katinki. Ko ma wanne ne, a wata biyun da suka rage ba Tahor za a ba ki ba. Bayan haihuwa da wata uku ki dawo da cikakken awo, ba ki karya ba.

Ɗalibar_Likita_Yamai
Ni da za a bi tawa a sake na tirigiliserid yanzu ba ta karya ba, tunda na farkon bayan ƙosai ne.

Abdu_Labo
In bayan ƙosai ya tsaya 2,6, babu ƙosai ƙasa zai yi, ba sama ba. Kuɗin ta ajiye na innarta.

Maman_Fa'iza
Tsohuwar takarda babu, ban taɓa yi ba. Inna kuma ta ce ita ba mai ƙara tsira mata allura tana zaman lafiyarta, sai dai in lallaɓa ta ran Juma'a in ta zo. Ga shi ɗazun nan uwar mijina ta aiko da kayan jego daga ƙauye, man shanu kwalba uku da kanwa ƙulli guda. Wa zai je ya faɗa mata?

Alkaki_Mai_Zuma
Wanda ya ɗauko Tahor.